Amsoshin Wasiƙunku: Wa Ya Fi Daɗewa A Fage, Kuma Yaushe Ya Kamata A Kwance Zare?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayoyi uku ne a cikinta, kuma ta ukun ta shafi lafiyar mutum da abincin iyalinsa. Wasiƙar ta fito ne daga wani ɗan kasuwar albasa a Dogon Daji, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce:

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Malam, gardama ce ta kaure muna a rumfar mai shayi. Wani yaro ɗan makaranta ya ce ya gani cikin wayarshi, wai akwai ƙasar da ake ƙirga wasan kowane ɗan wasa, har an samu wanda ya yi wasa fiye da 400. Shin wanga zance gaskiya ne? Na biyu, nan ƙasar Hausa wa ya fi kowa daɗewa a fagen dambe ko kokawa? Na uku, kuma shi ya sa na rubuto, ina da ƙane ɗan dambe, shekararshi 34, da mata da ɗiya huɗu. Bara an buge shi, ya kwana biyu yana ciwon kai yana amai. Na ce ya bari, ya ce wane da wane sun girme shi kuma suna yi. Mi za ni ce mishi?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya bar zumunci. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yaron nan bai yi ƙarya ba. Ƙasar ita ce Ostareliya, can gabas mai nisa, bayan an wuce Indiya da Indunusiya. Suna da wani irin wasan ƙwallo nasu na kansu, wanda ya sha bamban da wanda yaranmu ke bugawa a filin makaranta. Ƙwallon nasu ya yi kama da ƙwai, filin ma haka yake, kuma ya fi namu girma nesa ba kusa ba. Mutum 18 ne a kowane ɓangare. Ana bugawa da ƙafa, ana cafewa da hannu, ana naushin ƙwallon da dunƙulen hannu a miƙa wa ɗan'uwa. An kuma yarda ka rungumi mai riƙe da ƙwallo ka kai shi ƙasa, muddin tsakanin kafaɗa da gwiwa ka kama shi. Ka ga ke nan rabi ƙwallo, rabi kokawa. Ba su da raga, sanduna huɗu suke kafawa a kowane ƙarshen fili. In ka buga ya bi tsakanin na tsakiyar nan biyu, maki shida ke nan. In ya bi ta na gefe, maki ɗaya. Kuma haka suke shiga, daga su sai riga mai yankakken hannu da gajeren wando, ana karo ƙato da ƙato.

Babbar gasarsu ta soma ne a birnin Melbon a shekarar 1897, a 1990 kuma aka sake mata suna zuwa AFL. Tun daga wasan farko suke rubuta sunan duk wanda ya shiga fili. Saboda haka in gardama ta tashi a can, littafi ake buɗewa, magana ta ƙare. Daga 1897 zuwa ƙarshen 2025 mutum sama da 12,000 sun buga wannan gasa, amma shida kacal suka kai wasa 400. Ga su:

Kevin Bartlett na ƙungiyar Richmond shi ya fara kaiwa, a 1983, ya tsaya a kan 403.

Michael Tuck na Hawthorn ya buga daga 1972 zuwa 1991, wasa 426, ya ɗauki kofin gasar sau bakwai.

Dustin Fletcher na Essendon ya soma a 1993 yana ɗan shekara 17, bai ma gama makaranta ba, ya bari a 2015 yana da shekara 40, wasa 400 cif.

Brent Harvey na North Melbourne ya buga daga 1996 zuwa 2016. A 2016 ɗin ya wuce Tuck, ya ajiye a kan 432.

Shaun Burgoyne, wanda ya fito daga cikin baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar, ya yi 407 kafin ya bari a 2021.

Sai Scott Pendlebury na Collingwood, wanda ya soma a 2006, ya kai 425 a ƙarshen 2025, saura bakwai ya kamo Harvey, ya kuma sa hannu a kan zai ci gaba a 2026.

Domin ku gane nauyin wannan adadi, ku yi lissafin da kasuwa. Ɗan kasuwar da ke cin kasuwa ɗaya sau ɗaya a mako, kafin ya ci ta sau 432 sai ya shekara takwas da 'yan watanni bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Su kuwa ba duk shekara suke wasa ba, suna da lokacinsu kamar yadda noma ke da damina, wasa ashirin da 'yan kai a shekara. Shi ya sa Harvey ya ɗauki shekara 21. In ka raba 432 gida 21 za ka sami ashirin da ɗoriya. Ma'ana, da wuya a yi wasa babu shi. Ka ga asirin ke nan: yawan wasa na wanda bai cika jin ciwo ba ne.

Abin lura kuma, mutanen nan ba su ne ƙattin zamaninsu ba. Harvey ɗan ƙaramin mutum ne, zulliya da gudu ne makaminsa, kafin ka kama shi ya sulale. Fletcher dogo ne siriri, da tsawon hannu yake tare abokin gaba. Pendlebury ba a san shi da gudu ba, da natsuwa aka san shi da hangen inda ƙwallo zai faɗa, don ya yi wasan ƙwallon kwando yana yaro. Kowanensu ya san abin da jikinsa zai iya ya tsaya a kai. Biyar daga cikin shidan nan a ƙungiya ɗaya suka buga duk wasanninsu, likitocin da suka san jikinsu na kula da su. Masu shiga da ka, masu cewa a mutu ko a yi rai, an yi dubbansu, an tafa musu shekara uku ko huɗu, gwiwa ko kafaɗa ta tafi, an manta da su.

Yanzu mu dawo gida, ga tambayarka ta biyu.

Malam, mu a dambe ba mu gaji littafi ba, makaɗi muka gada. Damben nan asalinsa wasan mahauta ne, ana yin sa da kaka bayan an kai amfanin gona gida, samari su bi gari gari, a share fage a yi kiɗa. Ba wanda ke zaune da alƙalami yana rubuta cewa yau wane ya sa zare da wane, an yi turmi uku babu kisa. Abin da ya rage mana shi ne waƙa da kirari. Duk mai shekaru a ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara ya san Shago, ya san Ɗandunawa, ya san Ado Ɗan Kware, kuma bakin marigayi Ɗan Anace ne ya raya mana sunayensu har yau. Amma makaɗi ranar nasara yake waƙa. Aikinsa ya zuga gwaninsa, ba ya ƙirga sau nawa aka sa zare, balle ya faɗi daren da gwanin ya kwana yana riƙe da kai. Saboda haka duk wanda ya ce muku a rumfar shayi wane ya yi dambe ɗari biyar, wane ya yi dubu, ku tambaye shi wa ya ƙirga.

Akwai dai wata hanyar da 'yan dambe ke adana tarihi, kuma tana da kyau. Ita ce ta suna. In ka je gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, ko dandalin Ado Bayero a Kano, za ka ji ana kiran Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane. Yaro ne ke ɗauke da sunan maigidansa da ya koya masa. Wanda ya bar fage shekara ashirin da suka wuce, kullum sai an ambace shi, ko a ɓangaren Kudu yake, ko Arewa, ko Guramada. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

A kokawa, maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, suke rubuta wanda ya ci kowace gasa. Jihohi takwas ne, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, su 80 ke nan, takobi ɗaya. A wannan lissafi Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Da shekara ta kewayo, a ƙarshen 2024, aka yi gasar a Doso, gidansa, gaban danginsa, Abba Ibro na Tawa ya kā da shi a karon ƙarshe. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ko sarkin fage akwai ranar da yaro zai fi shi.

A ƙwallon ƙafa kuma muna da namu. Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars kafin ya tafi Turai, ya fara buga wa Nijeriya a 2010, ya haura wasa 100, ya wuce Joseph Yobo da Vincent Enyeama. Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, an haife shi a 1980, yana cikin waɗanda suka ci wa Kano Pillars gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma a gasar 2024 zuwa 2025 yana da shekara 44 yana jefa ƙwallo a raga, tare da yaran da ya isa ya haifa. Tsofaffinmu kuma za su tuna Roger Milla na Kamaru, da ya ci Rasha ƙwallo a gasar kofin duniya ta 1994 yana da shekara 42.

To, ga inda nake so ƙanenka ya matso kusa da rediyo, don tambaya ta uku tasa ce.

Ƙanena, na ji ka ce wane da wane sun girme ka suna yi. Gaskiya ne akwai su, ga shi ma na lissafo maka wasu da bakina. Amma ka lura, yawancin waɗanda na lissafo 'yan ƙwallo ne. A ƙwallo, dukan kai tsautsayi ne, ana iya wasa goma bai same ka ba. A dambe kuwa kan ake nema. Wanda ya ɗaure hannu ya shigo fage, muƙamuƙinka yake auna, kai ma nasa kake auna. Shi ya sa lissafin ba ɗaya ba ne. Ga misali. Harvey ya yi wasa 432 a shekara 21. Muhammad Ali na Amurka, wanda duk duniya ta san shi a damben zamani, shi ma shekara 21 ya yi yana damben kuɗi, daga 1960 zuwa 1981. Sau nawa ya hau fage? Sau 61. Bai kai uku a shekara ba. Kuma da safar hannu mai taushi suke yi, ba da zaren da aka naɗe ya yi tauri kamar dutse ba. Duk da haka, dambensa biyu na ƙarshe, da Larry Holmes a 1980 da Trevor Berbick a 1981, duka ya sha, masoyansa na kallo suna hawaye. A 1984 likitoci suka tabbatar yana da ciwon nan mai sa rawar jiki da nauyin baki, ya yi fama da shi har ya rasu a 2016. Kai fa, sau nawa kake sa zare a kaka ɗaya?

Bari in ba ka wani labari daga Ostareliyar nan, daga gidan Michael Tuck mai wasa 426. Yana da ɗa, Shane Tuck, jarumi ne mai shiga da ƙarfi, ya buga wa Richmond wasa 173. Da ya bar ƙwallo a 2013 sai ya koma damben zamani, kuma a karonsa na farko, a 2015, aka buge shi ya suma. Daga baya rayuwa ta rikice masa, ya rasu a 2020. Da iyalinsa suka yarda likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar ta lalace ƙwarai, irin lalacewar da yawan dukan kai ke kawowa sannu a hankali. Shekararsa 38. Uban ma shekararsa 38 ranar da ya buga wasansa na ƙarshe, ya ɗauki kofi, ya fita fili da ƙafarsa. Gida ɗaya, jini ɗaya. Saboda haka daɗewar wani ba hujja ba ce gare ka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ƙoƙon kai, ruwa na kewaye da ita. In aka naushi mutum, kan ya fizga, sai ta bugi jikin ƙashi daga ciki. Ku ɗauki tumatir ku sa cikin gwangwani ku girgiza. Gwangwanin lafiya lau, amma buɗe ka ga tumatir. Shi ya sa mutum zai tashi ya karkaɗe jiki, babu jini babu kumburi, a ce ai ba kome, alhali ɓarnar na ciki. Kuma mafi haɗari shi ne a sake dukan kafin na farko ya warke.

Saboda wannan ne hukumar wasan Ostareliya ta kafa doka a 2021, cewa duk ɗan babbar gasa da ya bugu a ka har ya ruɗe, ba zai sake wasa ba sai bayan kwana 12 aƙalla. A 2024 suka ce na ƙananan ƙungiyoyi da yara kwana 21 ne. A damben zamani kuma, galibin hukumomi ba sa barin wanda aka sumar ya koma fage sai ya yi wata guda aƙalla, wani lokaci fiye. Mu kuwa a buge yaro ranar Juma'a a wannan gari, ranar Lahadi ka gan shi a wani gari yana ɗaure hannu, makaɗi na zuga shi.

Malam, ciwon kai da aman da ƙanenka ya yi bara, ba shawara ba ce, ba kuma sammu ba ne. Alama ce ƙwaƙwalwa ta girgiza. Ku ji alamun da in an gan su bayan dukan kai, ba a jira gari ya waye: suma ko da na ɗan lokaci ne, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, jiri, ganin abu biyu-biyu, mutum ya kasa tuna abin da ya faru, barci mai nauyi da ake tashinsa da ƙyar, jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, jijjiga, ko wani sashen jiki ya saki. A nufi asibiti mafi kusa nan take. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake ɗaukar hoton cikin kai. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori, kowa ya sani, amma ƙwaƙwalwa ba ƙashi ba ce da za a ɗaure da kara. Kuma ko da yake shekara ta wuce, ina ba da shawara ka kai shi likita ya duba shi kafin kakar bana, ku gaya masa duk abin da ya faru, kada ku rage kome.

Akwai abu biyu kuma da ke gajarta kwanan ɗan dambe a fage. Na ɗaya ƙwaya, musamman taramol. Ciwo ɗan aike ne, shi ke gaya maka ka tsaya. Ƙwaya ba ta warkar da kome, ɗan aiken take kashewa, sai ka yi ta dambe da tsagaggen ƙashi ba ka sani ba. Yawanta kuma na kawo jijjiga kamar farfaɗiya, ga shi in ta kama mutum sakinsa sai an sha wuya. Na biyu, tsagar da ake yi a hannu a shafa magani. Ban zo gardama da kowa a kan gadonsa ba. Amma aska ɗaya ko reza ɗaya ga mutum biyar, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Reza nawa take? Kowa ya sayi tasa.

Sai lissafin gida, wanda ku 'yan kasuwa kun fi ni iyawa. Su Harvey albashi ake biyansu, in sun ji ciwo ƙungiya ke jinya, albashi na tafiya. Ƙanenka fa? Hannun da yake naɗe wa zare, shi ne hannun fartanya, shi ne na dashen albasa, shi ne na ɗaukar buhu. Karayar hannu na cin mako shida zuwa takwas kafin ƙashi ya haɗe, in an yi sa'a. In ta zo lokacin dashe, noman rani ya wuce shi. In ta zo gab da faɗuwar damina, shuka da noman farko sun wuce shi. A ɗora kuɗin da ya samu a fage, da liƙin da aka yi masa, a cire na mota, a cire na makaɗi, a cire na magani, a auna da buhunan da gona za ta rasa. Ciwon kai kuwa ba shi da mako shida. Akwai tsofaffin 'yan dambe a garuruwanmu da hannu ke rawa, magana ba ta fita sosai, mantuwa ta yi yawa, ga saurin fushi. Ranar da suke tashe fage cike yake da masoya. Yau matansu da 'ya'yansu kaɗai ke ɗawainiya da su.

To mi za ka ce mishi? Ga shawarata.

Da farko kada ka yi masa magana gaban jama'a, kada kuma ka ce masa ya tsufa ko ya ji tsoro. Ɗan dambe zai iya jure naushi, ba zai jure gori ba. In ka ce ya ji tsoro, gobe zai shiga fage don ya nuna maka. Ka same shi ku biyu bayan sallar isha'i, ko ka haɗa da mahaifiyarku in tana raye, ko maigidansa da ya koya masa damben, don maganarsa za ta fi shiga.

Na biyu, ku yi masa waɗannan tambayoyi, ya amsa tsakaninsa da Allah. Naushin da da yake gani ya kauce, yanzu yana samunsa? Ciwon da da ke warkewa kwana biyu, yanzu yana kai mako? Yaran da da ba su isa su tsaya gabansa ba, yanzu suna kai shi turmi uku? Yana ciwon kai ko jiri bayan wasa? Sai ya sha wani abu kafin ya iya shiga? In ya amsa e ga biyu daga ciki, jiki ya riga ya yi magana, kuma jiki magayi ne. A game da wanda ya kwana biyu yana amai kuwa, ni a ganina lokaci ya yi, sai dai in likita ya duba ya faɗi wani abu dabam.

Na uku, ka nuna masa cewa kwance zare ba barin dambe ba ne. Fage na bukatar alƙali mai raba turmi wanda ya san abin da yake kallo. Yana bukatar dattijon da zai ce wannan yaro ya bugu, ba zai sake shiga ba sai bayan wata guda, kuma a ji maganarsa don an san shi ma ya yi. Yara na bukatar mai koya musu kare kai kafin kai naushi. Ka tuna maganar suna da na ce a riƙe? In ya tara yara uku ko huɗu ya koya musu, gobe za a ji ana kiran Shagon wane, Autan wane, da sunansa, a Sakkwato da Kano da Legas, shi kuwa yana zaune lafiya a gonarsa. A ƙasar Hausa wannan ita ce daɗewar da ta fi ta kowa. Shi kansa Harvey, da ƙungiyarsa ta ce ba za ta sabunta masa yarjejeniya ba a 2016, yana iya neman wata, amma ya ce ya isa, ya ajiye.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga sarakunan dambe da na kokawa, da sarakunan fawa, daga Dogon Daji zuwa Tambuwal, Jabo, Sanyinna, Kebbe da Kuchi. Abu ɗaya da ya kamata mu ara daga mutanen Ostareliya shi ne littafin nan. Ba ya bukatar kwamfuta. Littafin rubutu irin na 'yan firamare ya isa, da malamin makaranta ɗaya ko ɗalibi mai kyan hannu, ko da boko ko da ajami. Duk ranar wasa a rubuta kwanan wata, da gari, da wa ya kara da wa, da wanda ya yi kisa, da turmin da aka yi shi. A gefe kuma a rubuta wanda ya suma ko ya ji ciwo. Amfaninsa biyu ne. Jikokinmu za su san gwanayen garinsu da hujja, gardamar rumfar shayi ta ƙare. Sannan in yaro ya zo zai ɗaure hannu, a buɗe a ga an sumar da shi kwana biyar da suka wuce, a ce masa yau kai ɗan kallo ne. In garuruwa maƙwabta suka riƙa gaya wa juna, ba zai tsallaka wani gari ya ɓoye ba. Rigakafi ya fi magani.

Malam mai albasa, muna fatan mun amsa maka. Ka gaida ƙanen naka, ka ce muna yi masa fatan alheri, kuma muna so ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda kuka ƙare da likita. Sauran waɗanda wasiƙunsu ke hannunmu, masu tambaya a kan tsutsar albasa da farashin taki, ku yi haƙuri, naku na tafe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.